Mu Nemi Kaɗan, Mu Tsaya a Kai

Ya ku 'yan uwana talakawan Najeriya, musamman mu na Arewa, maza da mata, manoma da 'yan kasuwa, direbobi da ma'aikata, malamai da 'yan fansho.

Kakar siyasa ta sake zagayowa. Motoci masu lasifika za su cika lunguna, hotunan 'yan takara za su rufe katangu, za a zo mana da manyan riguna da manyan alkawura. Duk wanda Allah Ya ba nasara, ranar 29 ga Mayu, 2027 za a rantsar da gwamnati a Abuja da mafi yawan jihohinmu. Ko sababbin fuskoki ne, ko na da ne suka dawo da sabon wa'adi, tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: me za mu ce musu muna so?

Tun 1999 su ne suke yi mana tambayar, su ne kuma suke ba da amsar a madadinmu. Za a kawar da talauci. Za a samar da miliyoyin ayyukan yi. Wuta ba za ta ƙara ɗaukewa ba. Mu kuma mu yi tafi mu watse. Illar babban alkawari ita ce ba shi da ranar cika, ba shi da ma'auni, ba shi da wanda za a riƙe idan an saɓa. Wanda ya ce zai kawar da talauci, in shekara huɗu ta cika sai ya ce aikin ya yi nisa, a ƙara masa huɗu. Amma wanda ya sa hannu cewa taki zai iso mazaɓarmu kafin ƙarshen Afrilu, ranar 1 ga Mayu yaro ma ya san ko ya cika ko ya saɓa.

Saboda haka kirana a wannan karon shi ne mu nemi kaɗan, mu tsaya a kai. Mu nemi abubuwan da dokarsu tana nan a rubuce, kuɗinsu yana nan a ware, abin da ya rage kawai shi ne shugaba ya ba da umarni, ya bi sawu.

Na san zuciyar kowa tana kan tsaro. Wanda ya gudu ya bar gonarsa a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa, ba ya buƙatar a gaya masa abin da ya fi muhimmanci. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ma ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, kuma ba za mu sassauta a kan wannan ba ko da daƙiƙa ɗaya. Sai dai kada girman matsalar tsaro ya zama hujjar ƙin yin ƙananan abubuwan da ba sa buƙatar jirgin yaƙi ko bataliyar soja.

Wanda yake ganin ƙaramin gyara ba ya canza rayuwa, ya tambayi dattawanmu. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Ba a ciwo bashi ba, ba a ba da kwangila ba, umarni aka bayar. Amma magidancin da a da yake barin gari don gudun ranar karɓar haraji, da makiyayin da yake kora shanunsa daji da ya ji labarin masu ƙirga, sun san irin nauyin da aka sauke musu. Kuma abin bai faɗo daga sama ba. Tun daga 1950 'yan NEPU suke maimaita kukan talaka a kasuwanni da ƙauyuka, ana dukansu ana ɗaure su, kusan shekara 30, har ranar da aka share masa hawaye. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan masu tsananin naƙasa naira 7,000 duk wata. A 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta kammala fasfo sama da 200,000 da suka taru, cikin 'yan makonni, da ma'aikatan da aka daɗe ana cewa ba za su iya ba. Idan an ga dama ana iyawa. Ga abubuwan da muke so a ga damar yi.

Asibitin mazaɓa ya kwana a buɗe

Ku dubi dare ɗaya a ƙauye. Naƙuda ta kama mace wajen ƙarfe ɗaya. An ɗora ta a kan babur, ƙanwar miji ta riƙe ta ta baya, an bi hanya mai gargada zuwa ƙaramin asibitin mazaɓa. An tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce ma'aikaciyar a cikin gari take kwana, sai da safe. Ko kuma an yi sa'a an same ta, ita kaɗai, ta ciji waya a baki tana haska fitila don hannayenta biyu suna aiki. Jini ya ɓalle, ta buɗe kabad babu allurar tsayar da shi, ta rubuta a 'yar takarda ta miƙa wa miji ya je neman kemis da tsakar dare. Kafin ya dawo, mai aukuwa ta auku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya wajen ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da jijjiga suna cikin manyan masu kashe su, kuma duka biyun suna da magani mai araha.

Abin da muke nema: a kowace mazaɓa a samu asibiti ɗaya da ba a rufe shi dare da rana. A sa masa ungozoma aƙalla biyu, a gina musu ɗakin kwana a cikin harabar, a kafa sola da firji domin allurar oksitosin mai tsayar da jini ba ta jure zafi, a ajiye allurar jijjiga. A yankunan da maciji ya addabi manoma, kamar Kaltungo da kewayenta, kada maganin dafi ya yanke, musamman lokacin damina da girbi. Kuɗin yana nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa yana shiga asusun dubban ƙananan asibitoci kai tsaye. To, a manna a jikin bango nawa aka turo da abin da aka saya da shi, kwamitin mazaɓa ya sa hannu. A Nuwamba 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. A karanta sunayen asibitocin da ake yin wannan a gidajen rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu, don kada a karɓi kuɗi a hannun wadda aka riga aka biya mata.

Taki ya iso kafin ruwa ya sauka

Kowane manomi ya san lokacin taki. Masara tana son kamfa cikin makonni biyu zuwa uku da shuka, tana son yuriya kafin ta fitar da kai. Takin da aka ƙaddamar da rabonsa da biki a watan Agusta ya riga ya rasa ranarsa. Shi ya sa yake ƙarewa a hannun 'yan siyasa da dillalai, ya koma kasuwa, manomi ya saye shi da tsada a baɗi.

Mun ga an gwada hanyoyi masu kyau. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ne yake shigowa wayar manomi, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, buhun kamfa ya sauko naira 5,500. Kowanne yana da nasa cikas, amma sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Yau buhu ya haura naira 30,000, alhali a ƙasar nan ake yin yuriya, a kamfanin Dangote da ke Legas da na Indorama da ke Ribas, har ana fitar da ita waje.

Buƙatarmu uku ce. Duk takin tallafi ya iso mazaɓu kafin ƙarshen Afrilu, na noman rani kuma kafin ƙarshen Oktoba. A kafe sunayen masu karɓa a ƙofar gidan dagaci mako biyu kafin rabo, kowa ya karanta, a ga ko manoma ne ko 'yan jam'iyya. Sannan a aiwatar da dokar ingancin taki ta 2019, a kama masu gauraya yashi da ƙasa su ɗinke buhu su sayar wa bayin Allah. A haɗa da yashe hanyoyin ruwa na Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja, inda kachala ta toshe magudanai, a kuma riƙa duba lafiyar madatsun ruwa duk shekara kafin damina, a bayyana rahoton. Abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya ishe mu darasi.

A kau da shingayen karɓar kuɗi

Direban da ya yi lodin tumatir a Kwanar Gafan zai nufi Mile 12 a Legas, tsere yake da rana. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. A hanya wannan ya gitta katako mai ƙusoshi ya ce kuɗin jiha, wancan ya ja igiya ya ce na ƙaramar hukuma, na gaba ya ce sitika, na gabansa ko suna bai ba abin da yake karɓa ba, sandar da ke hannunsa ce rasit. Duk inda aka tsayar da shi, ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙarƙashin kwanduna. Haka mai albasar Aliero yake sha, haka mai shanun Maigatari da Potiskum da Illela, haka mai hatsin Dawanau. Kuɗin nan kuwa ba daga aljihun direba yake fita ba. Ana rage wa manomi farashi a bakin gona, a ƙara wa uwar gida a bakin kasuwa.

Tun 1998 doka ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Ba sabuwar doka muke nema ba. Muna so gwamnoni su zauna su amince da rasit ɗaya: a biya sau ɗaya a inda aka yi lodi, ta banki, a wuce har inda za a sauke. Shingen tsaro ya tsaya a kan tsaro, a rubuta lambarsa da sunan jami'in da ke shugabantarsa a allo, da lambar wayar kai ƙara wadda in an kira ana ɗauka. Wannan kaɗai zai taɓa farashin abinci fiye da rabon shinkafar da ake yi sau ɗaya a gaban kyamara.

Beli kyauta ne, a aikace

A bangon kusan kowane caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne. Kowa ya san abin da ke faruwa a bayan kanta. Amma jama'a, doka tana tare da mu, mu ne ba mu san ta ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama uba a madadin ɗa ko mata a madadin miji, sun hana a tsare mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki. Dokar 2015 ta ce mace za ta iya tsaya wa mutum beli, ta kuma wajabta wa alƙalin majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Jihohi ma sun yi irin tasu dokar. Duk da haka, kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali zaman jiran shari'a suke yi, wasunsu sun daɗe fiye da hukuncin laifin da ake zargin su da shi.

Muna so a rubuta waɗannan haƙƙoƙi da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowane caji ofis. A tilasta ziyarar majistare ta wata-wata, a bayyana ranarta. A kuma ba kowane caji ofis kuɗin mai da takarda da abincin waɗanda ke tsare, a biya ƙananan 'yan sanda haƙƙinsu a kan lokaci, domin ofishin da ba a ba shi ko sisin aiki ba, a jikin mai ƙara da wanda ake ƙara zai nema.

Kuɗin ƙaramar hukuma a fili

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba kantomomin riƙo ba. An daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Duk mai neman kujerar gwamna ya faɗa mana da bakinsa: zai bi wannan hukunci ko ba zai bi ba?

Amma sakin kuɗi ba tare da sa ido ba, sauya wa ɓarna mazauni ne kawai. Saboda haka kowane wata a manna a bangon sakatariya nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa ya rage, me aka yi da shi, a kuma karanta a rediyo. Kowane aiki, ko kwalbati ne ko rijiyar burtsatse, a kafa masa allo mai ɗauke da sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar gamawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda yake da gaskiya, allo da fenti ba za su gagare shi ba.

Makaranta, fansho da mita

A kan makaranta ba mu ce a gina jami'a a kowane gari ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su ajiye ba, yaranmu kuwa suna zaune a ƙasa, aji ɗaya ya haura ɗari. Kowace jiha ta biya kasonta cikin watanni ukun farko na shekara. A gina banɗaki da famfo a makarantu, domin rashinsu yana cikin abin da ke mayar da 'yan mata gida da zarar sun fara girma. Jihar da ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ta biya kafin a zauna, kada a riƙe sakamakon yaro ya rasa gurbin karatu a kan bashin da ba shi ya ci ba.

A kan fansho, dattijon da ya yi shekara 35 yana koyarwa bai cancanci a kira shi babban birnin jiha ya yini a layin tantancewa, da sanda da ciwon ƙafa ba. A tantance shi a ƙaramar hukumarsa, marar lafiya a je masa gida. A jera sunayen masu bin garatuti bisa ranar ritaya, a biya bi da bi, ba tare da sai ka san wani ko an yanki wani kaso ba. Sashe na 173 da na 210 na kundin tsarin mulki sun ce a riƙa duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. A 2024 an kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ina rabon tsofaffi?

A kan wuta, kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba lantarki ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu ko sun ga wuta ko ba su gani ba. Hukumar da ke kula da harkar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da waya aikin kamfani ne, amma har yau unguwanni karo-karo suke yi. A sa ranar da kowane gida zai sami mita, a daina yanke wa unguwa guda wuta saboda bashin wasu. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamna ba zai sake cewa wannan maganar Abuja ce ba.

Za su ce babu kuɗi

Wannan ita ce amsar da za mu fara ji. Mu tuna musu cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai, har ya haura naira tiriliyan 15 a 2024. Gaskiya ne darajar naira ta faɗi. Amma wa ya biya kuɗin wannan ƙarin? Mu ne, a gidan mai, a tasha, a kasuwa, a cikin tukunya. Wanda ya ɗauki nauyin yana da haƙƙin ya ga inda kuɗin ya tafi. Kuma ku sake duba jerin nan. Manna takarda a bango, kau da igiya daga kan titi, kai majistare caji ofis, sayen taki a Fabrairu maimakon Yuli, nawa za su ci? Ba su kai kuɗin jerin gwanon motocin da ake saya a watan farko na mulki ba.

Abin da ya rage namu

Yanzu maganar ta dawo kanmu, kuma a nan ne aikin yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowace mazaɓa ta zauna, a zaure ko a harabar makaranta, maza su yi nasu zaman, mata su yi nasu, a haɗa. A zaɓi buƙatu biyar ko bakwai, daga waɗannan ko waɗanda suka fi damun ku, a rubuta a shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, kowace buƙata da ranarta. Mu san wa ke da alhakin me: kada mu tambayi kansila farashin mai, kada kuma mu bar gwamna ya tura mu Abuja a kan albashin ungozoma.

Idan ɗan takara ya zo, a karɓe shi da mutunci, a ba shi wurin zama da ruwa. Kafin ya fara jawabi, dattijo ɗaya ya miƙe ya karanta masa takardar, a tambaye shi wanne ya ɗauka, a wane wata zai cika. Ya sa hannu a gaban jama'a, matasa su ɗauka a waya. A yi wa kowace jam'iyya haka, ba sani ba sabo. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya ba mu amsa. Tun ran gini ran zane. Wanda ba a ɗaure shi da magana ba lokacin da yake neman ƙuri'a, ba ranar da ya shiga gidan gwamnati za a kama shi ba.

Mu daina musanya haƙƙin jama'a da buƙatar kai. Duk ranar da muka sami ganin ciyaman ko ɗan majalisa muka ɓata damar wajen roƙon kuɗin suna ko na biki, mun sayar da asibitin mazaɓa a kan abin da ba zai kai mako ba. Taliya da sabulu da turmin atamfar ranar zaɓe, kuɗin maganin matanmu ne aka gutsuro mana. Wanda ya sayi ƙuri'arka yana ganin ya biya ka, ba ka bin sa komai.

Mu fito mu yi zaɓe. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 ne kacal suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, wato kusan kashi 27 cikin 100. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka waɗanda suka fito kusan sau uku. Ku nemo katinku tun yanzu, ku taimaka wa tsofaffi da masu lalura su karɓi nasu.

Bayan rantsuwa kuma kada mu naɗe tabarma. Ranar da suka cika kwana 100, a fito da takardar a karanta. Duk bayan wata uku a sake zama: wanne aka yi, wanne ba a yi ba? A kira shirye-shiryen rediyo na kai tsaye a faɗi sunan mazaɓa da abin da aka yi alkawari da ranar da aka sa. A rubuta takardar neman bayani, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa. A halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Ɗan majalisar da ya yi kunnen ƙashi, a tuna masa cewa sashe na 69 da na 110 na kundin tsarin mulki sun ba mazaɓa ikon kiranye. Wanda kuma ya cika, a yaba masa a bainar jama'a ko da ba jam'iyyarmu ba ce, domin na baya su ga cewa cika alkawari yana da riba. Duk wannan cikin lumana, ba zagi, ba jifa, ba ƙone-ƙone. Takarda mai sa hannu da jama'a masu haƙurin bibiya sun fi ƙarfin dutse.

Malamanmu da limamai da fastoci, ku tunatar da masu mulki da mabiya cewa alkawari kaya ne, kuma za a tambayi kowa amanar da aka ba shi. Iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku buɗe zaurukanku domin wannan zama. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa tsayuwa a layin zaɓe, ku ne kuma kuka fi kowa sanin halin asibiti, kada a rubuta takardar nan ba da ku ba. Matasa, wayar da ke hannunku ta zama ma'ajiyar alkawura, ku ƙi zama 'yan jagaliyar kowa. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa da manoma, ku haɗa murya a kan shingaye da taki. Lauyoyi da 'yan jarida, ku fassara wa jama'a dokokin nan, ku tsaya musu idan an taka su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada mu jira a kira mu taro. A makon nan ka sami maƙwabtanka biyar, ki sami matan unguwarki biyar, ku ɗauki biro da takarda ku fara rubutawa. Ku kai wa mai unguwa, ku kai wa mazaɓar da ke kusa da ku su ma su yi tasu. Mu tashi tsaye, mu nemi haƙƙinmu da sunansa da ranarsa, kuma kada mu saki har sai an cika. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ƙarfin halin riƙe su da gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.